Labarin Tukunya da Akushi a Zamanin Masu Bi na Fari

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a sauran shafofin wannan ɗan littafi kun karanta labarin tashoshi da majami'u da shekarun da aka buɗe su, tun daga Damagaram cikin shekara ta 1924. A nan kuwa muna so mu zaga cikin gida, mu tsaya a bakin murhu, mu ga abin da mutanen wancan zamani su ke ci. Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce a ranar biki. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Banda haka kuma, wa'azi a kasuwa a kan yi shi, ko a gindin itace, amma a bakin akushi a kan san ko an karɓi mutum ko an ƙi shi. Da yawa cikin iyayenmu na fari a nan ne aka gwada bangaskiyarsu.

Yadda a ke ci kafin zuwan Nasara

Abincin ƙasashenmu, watau Gobir da Katsinar Maraɗi da Adar da Arewa da Damagaram, gero ne tun fil'azal. Dawa tana biye a wuraren fadama da ƙasa mai laka, wake kuwa a kan shuka shi a tsakanin gero. In an yi girbi, a kan ɗaure zangarniya dami dami, a zuba a rumbu. Maigida ke riƙe da rumbun gandu, shi ke fid da hatsin da za a ci. Mace kuwa tana da 'yar gonarta ta kanta, abin da ta samu ciki nata ne, da shi ta kan toshe ƙofa in na gandu ya gaza.

To, daga dami zuwa baki akwai tafiya. Sai an yi sussuka, a sheƙe ƙaiƙayi. Sa'an nan a yi surfe, a bakace dusa, a wanke, a bari ya tsane, a mai da shi turmi a daka, a tankaɗe, a sake daka tsakin. Ruwan wankin ma ba a zubarwa, dabbobi a kan ba. Kafin wannan duka an riga an je rijiya, a waɗansu garuruwa kuwa rijiyar gaba da yawa ce, har igiya ta kan yi wa mace kanta a hannu. An kuma je daji an yo itace. Tun da asuba ƙarar taɓarya ita ce ke tad da gari.

Abincin rana fura ne. A kan cura gari, a dafa dunƙulen cikin tafasasshen ruwa, a kirɓa a turmi da ɗan kayan yaji, a dama da nono in akwai, in babu a dama da ruwa. Ita a kan kai wa manoma gona, ita a kan tarye baƙo da ita, ita matafiyi kan ɗaura a bakin zane. Tuwo na dare ne, gidan talaka kuwa ba kowane dare a kan ɗora shi ba. Abin da ya kwana a kan yi ɗumame da safe. Miya ta kuka ce ko ta kuɓewa busasshiya, da daddawa. A wuraren da ɗorawa ba ta da yawa, da 'ya'yan yakuwa a kan yi daddawar. Da damina a kan sami rama da tafasa da yaɗiya, a yi kwaɗo ko dambu. Nama sai ranar kasuwa ga mai hali, ko ranar suna da biki da salla. Tsofaffi kuma ba su manta da annobar shanu ta wajen shekara ta 1890 ba, wadda ta share garkuna, nono da man shanu suka yi wuya shekaru da dama.

Gishiri daga nesa ya kan zo. Ayarin raƙuman Abzinawa su kan ratsa Tenere da kaka, su kai gero Bilma da Fashi, su komo da kantu da dabino. Mutanen yamma suna da gishirin Foga, na gabas suna da na Manga da kanwa. Ashe ko miyar talaka ma tana da hannun mutanen ƙasashe uku ko huɗu a ciki.

Wurin ci kuma da ƙa'ida. Maza su kan ci a zaure, mata a cikin gida, yara da tasu ƙwarya. A kan wanke hannu, a ci da dama, kowa ya ci gabansa, yaro ba ya riga babba ɗaukar nama. Wanda ya iske ana ci, a kan kira shi, ko da ba a san sunansa ba. Ku riƙe wannan, gama za mu komo kansa.

Zamanin Nasara da shekarun yunwa

Farkon abin da talakan ƙasan nan ya gani na Nasara, ɗibar hatsi ne. Cikin shekara ta 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma, tana kwashe rumbuna da dabbobi, tana ƙone garuruwa, ta yi kisa mai yawa a Birnin Ƙonni. Cikin wannan shekara kuma Faransawa suka ci Damagaram. Bayan mulki ya zauna, aka aza haraji da za a biya da kuɗi, aka kuma sa aikin tilas: gyaran hanya, gini, ɗaukar kaya. In kumandan ko garda ya sauka gari, sai an kawo gero da kaji da ƙwai da nono. Mutum ya kan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya ke araha, domin ya biya haraji, sa'an nan ya sayo shi da tsada da bazara.

Cikin 1913 ruwa ya ƙi, aka shiga yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba, ta kai har 1914, ta kashe mutane ba iyaka daga nan har Kano. Cikin 1931 wata ta sake faɗowa bayan fara ta cinye amfanin gona, ta fi tsanani a yammacin ƙasa, ga shi kuwa ba a sassauta haraji da aikin tilas da wuri ba, mutane da yawa suka gudu zuwa ƙasar Ingilishi. Bayanta ne gwamnati ta matsa a kan rumbunan tanadi, inda kowane gida zai zuba hatsi a rufe, ba a buɗewa sai da izini. Nufin ba mugu ba ne, amma talakawa ba su so shi ba, gama abu ne mai zafi mutum ya ga hatsinsa a kulle, 'ya'yansa suna kuka. Cikin shekarun farko na 1950 aka sake yin wata, wadda mutane da yawa ke tunawa da ita saboda garin rogo da aka riƙa kawowa daga kudu. A lokacin ne waɗansu suka fara ɗanɗana shi.

Me a kan ci a irin waɗannan shekaru? A kan ɗebo 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita, sa'an nan a dafa. A kan sussuke ƙarangiya a fid da 'yan ƙwayoyinta. A kan tone gidan tururuwa a kwashe abin da suka tara. A kan ci goriba da aduwa da magarya, da dusa wadda dā ta dabbobi ce. Farar da ta cinye gona ita ma a kan kama ta a soya. Mata ne suka san waɗannan dabaru, daga kakanni suka gaje su, su ne kuwa suka fid da gidaje da yawa.

Aikin tilas bai ƙare ba sai da aka yi doka a Faransa cikin watan Afrilu 1946, wadda a ke kira da sunan Houphouët-Boigny. A cikin waɗannan shekaru kuma noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Damagaram, kuɗi ya shigo, man gyaɗa da ƙuliƙuli suka yawaita cikin miya da kwaɗo. Amma gonar da gyaɗa ta ci, gero ne ya rasa ta. Wannan ita ce ƙasar da masu bishara suka tarar.

Teburin gidan mishan

Mishan ɗin da ya kawo mana bishara, watau Sudan Interior Mission, da kabari ya fara. Samari uku suka sauka Ikko cikin 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu na fari, Bingham kaɗai ya koma gida. Ba a sami kafa tasha ba sai a Patigi cikin 1902. Saboda haka waɗanda suka biyo baya sun zo da tsoron ciwo, tsoron nan kuwa ya shiga har cikin tukunyarsu. Ruwan sha sai an tafasa an tace. Kwinin a kan sha kullum saboda zazzaɓi. Nono ma sai an dafa.

Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, daga can a kan sayo kayan kanti: garin alkama, da sukari, da shayi, da madarar gwangwani, da kananzir. Daga Kano zuwa Damagaram wajen kilomita 240 ne, a farkon zamani kuwa a kan raƙuma da jakuna da kawunan mutane kaya kan zo. Abin da a ke saye a gari shi ne kaji da zabi da ƙwai da gyaɗa da albasa. A kan gina tanderun ƙasa, ko a gyara garwar kananzir, a gasa burodi ciki. Firji mai aiki da kananzir bai yawaita ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin yaƙin nan, daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, hukumar Faransawa ta nan tana biye da gwamnatin Vichy, aka tsare iyaka da ƙasar Ingilishi, aka sa wa Turawan mishan ido domin Ingilishi su ke ji, kayan kanti kuma suka yi wuya ga kowa.

Abubuwa uku suka ba mutanen gari mamaki. Na ɗaya, namiji ne ke dafa abinci, shi a ke kira kuku. Na biyu, agogo ne ke kiran mutane ci, sau uku a yini. Na uku, miji da mata su kan zauna tebur ɗaya, kowa da farantinsa, da cokali da wuƙa. Samarin da suka yi aikin kuku da ɗebo ruwa da faskare a waɗannan gidaje, waɗansunsu a nan suka koyi karatun boko, suka fara karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakke cikin 1932. Kada mu ji kunyar faɗin wannan. Daga bakin tanderu Ubangiji ya kira waɗansu da suka zama masu wa'azi.

Amma ranar biki ranar gaskiya ce, sai mu faɗi ɗaya gefen kuma. Kun tuna mun ce a ƙasan nan wanda ya iske ana ci a kan kira shi. To, tebur mai kujera huɗu ba ya kiran mai wucewa. Baturen da aka miƙa wa ƙwaryar fura ya ƙi sha domin tsoron ruwan da aka dama ta da shi, yana da hujja wajen likita, amma maigidan da ya miƙa, abin da ya gani shi ne an ƙi shi. Wannan ya ƙara wa maganar nan ƙarfi, cewa addinin Nasara ne, wanda ya shiga kuwa ya bar mutanensa. Ba mu faɗi haka domin mu zargi waɗanda suka bar ƙasarsu, waɗansu har suka binne 'ya'yansu a tamu. Mun faɗa ne domin tsofaffinmu, in suna yabon wani cikinsu, ba su kan fara da iya wa'azinsa ba. Su kan ce, wane ya zauna a tabarma, ya sa hannu cikin tuwonmu. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma wanda ya haɗa biyun ya fi.

Ƙwaryar da aka ware

Yanzu sai mu zo ga masu bi na ƙasa. Bayan Damagaram aka buɗe Tsibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan waɗansu wurare kamar Dogon Dutsi, aikin kuwa a hankali ya yi ta tafiya, mutum ɗaya yau, wani bayan shekara. Wanda ya ba da gaskiya, sau da yawa ba dūka a kan fara yi masa ba. Sai dai ya zo zaure da dare ya tarar an zuba masa nasa dabam, ko a ware masa ƙwaryar shan ruwa, ko abin da ya yanka a ce ba a ci. Ga Bahaushe wannan ya fi bulala ciwo, gama kuturu a kan yi wa haka.

Tambayoyi kuma suka taso waɗanda ba a taɓa yi ba. Wanda ya fito daga gidan Musulmi, in watan azumi ya zo, yaya zai ci da rana a gaban tsohonsa? In an aiko masa naman layya, ya karɓa ko ya mayar? Wanda ya fito daga gidan Arna, in an yi yanka domin iskoki ko domin buɗin daji, aka raba nama, yaya zai yi da rabonsa? Giya kuma, wadda a kan dafa domin gayya da biki, mishan ya hana ta sam. Mutumin da ya daina ba da giya, wa zai zo masa gayya? Waɗannan ba tambayoyin makaranta ba ne. A kansu a kan rasa taimakon noma, a rasa matar aure, wani lokaci a rasa gādo.

Masu bi suka duba Littafi, suka tarar ba su ne farko ba. Cikin Ayyukan Manzanni sura 10 Bitrus ya shiga gidan Karniliyus bayan wahayi ya koya masa kada ya ƙyamaci wanda Allah ya tsarkake. Cikin Galatiyawa sura 2 Bulus ya tsauta wa Bitrus ɗin nan a Antakiya domin ya janye daga ci tare da al'ummai. Cikin 1 Korantiyawa sura 8 da ta 10 an yi maganar naman da aka yanka wa gumaka, da yadda mai bi zai kula da lamirin ɗan'uwansa. Da wannan haske suka sami hanya. Abin da aka yanka wa iskoki suka bari. Abincin zumunci na dangi da maƙwabta kuwa, da yawa suka ci gaba da karɓa da godiya, su ma suna aikawa. Daga nan ne al'adan nan ta fito wadda har yau a ke yi a wurare da dama: in Kirsimati ta zo, mai bi ya kan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa dabba, domin in an kai tuwo gida gida kowa ya ci ba da shakka ba.

Akwai kuma nauyin da ya faɗa kan mata, wanda ba a cika faɗa ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, girki kwana kwana ne, turmi ɗaya taɓarya biyu. Matar mai bi kuwa ita kaɗai ce, sau da yawa kuma nesa da uwa da 'yan'uwa da za su kama mata. Ga shi gidan nan ne masaukin kowane saurayi da aka kora daga gidansu, da mai bishara da ke yawon ƙauyuka, da baƙin da suka zo taro. Injin niƙa bai zo ba tukuna. Kowace ƙwaryar fura da aka ba waɗannan, da damtsen mace aka daka ta. Sunayen matan nan ba su cikin rahoton da a kan aika ƙasashen waje, amma in ba domin su ba, da samari da yawa sun koma, gama yunwa da kaɗaici sun fi gardama saurin karya mutum. Zumuntar Mata da mu ke alfahari da ita yau, a gindin turmi ta yi saiwa.

Sa'ad da Likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi cikin 1950, aka kuma buɗe wurin jiyyar kutare a Danja cikin 1956, maganar ƙwarya ta sake fitowa ta wata fuska. Mutanen da aka ware wa ƙwarya saboda bangaskiya su ne suka riƙa wanke gyambon waɗanda aka ware wa ƙwarya saboda ciwo. Wanda ya ɗanɗana abu ya san zafinsa.

Abin da ya rage gare mu

Tun da ƙasa ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, tukunya ta sake ƙwarai. Shinkafa da taliya da burodi da shayi sun zama na kowa a birni, injin niƙa ya shiga ƙauyuka, albasar Galmi ta yi suna har bakin teku. Yunwa dai ba ta yi sallama ba, ta komo cikin 1973 da 1974, ta sake komowa cikin 1984. Itacen girki kuma ya yi ta nisa, har mata su kan dafa da kara da kashin shanu. Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya lura kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, in an bar tohonsu aka sassabe shi da kula, sai su koma itatuwa. Manoma, Musulmi da Kirista, suka ɗauki dabaran nan, ta bazu, ta komo da itace kusa da murhu a garuruwa masu yawa.

Cikin watan Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. A cikin kwanakin nan na baƙin ciki, waɗansu masu bi a gidajen maƙwabtansu Musulmi suka sami mafaka. Irin wannan ƙofa ba a rana ɗaya a kan buɗe ta ba. Kwanon tuwon da ya yi shekaru yana kai da kawowa bisa katanga yana cikin abin da ya buɗe ta.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da mu ke roƙonku a wannan biki. Kada yaranmu su tashi da zaton bin Yesu shi ne cin abincin Turawa da raina fura. Iyayenmu da gero suka bauta wa Ubangiji. Ku tambayi tsofaffin mata da suka rage cikin Ekklesiyarku, wa ya ciyad da masu bi na fari a garinku, ku rubuta sunayensu tun ba su shuɗe ba. In kuma akwai wani a cikinku da aka ware wa ƙwarya a gidansu cikin wannan shekara, kada ku bar shi da gaisuwar ranar Lahadi kaɗai. Ku kira shi da dare, ku matsa masa wuri a tabarma, ya sa hannu inda ku ke sa naku.

Ubangiji wanda ya ciyad da iyayenmu cikin shekarun yunwa, shi ya sa albarka cikin rumbunanmu, ya kuma buɗe hannuwanmu. Amin.